Daga Usur zuwa Allon Bidiyo: Tarihin Ikon Alƙalin Wasa

Tun kafin ƙwallon ƙafa ta shigo ƙasar Zamfara, mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun san nauyin da ke kan mutumin da aka tsayar tsakanin maza biyu masu neman kayar da juna. Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai a buɗe fagen dambe a bakin kasuwa ko a bayan gari, kalangu na tashi, 'yan kallo su yi da'ira. Ƙa'idar a sarari take: turmi uku ake yi, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Duk da haka gardama ba ta ƙarewa. Duka ne ya kai shi ƙasa ko santsi ne ya kwashe shi? An riga an raba kafin ya kai hannu, ko ba a raba ba? Mai rabiya ba shi da littafin doka a aljihu. Jarinsa sanayya ce: yawanci tsohon ɗan dambe ne da ya sha duka ya kuma ba da, an san shi an san gidansu, ga manya zaune a gefe waɗanda in magana ta yi zafi su ne za su kashe ta.

Yau jikokin waɗancan 'yan kallo ne ke cika gidajen kallon ƙwallo a Gummi da Anka, har da garuruwa irin su Gwashi in an samu janareto ko sola. Suna ganin alƙalin wasa a Ingila ko Sifaniya ya dafe kunne, ya zana akwati a iska, ya ruga gefen fili ya leƙa allo, ya dawo ya soke abin da ya yanke da kansa. Tsakanin wancan mai rabiya da wannan alƙali akwai tarihi mai tsawo, kuma tambaya guda ce ke jan zarensa: idan wanda aka ba amanar hukunci ya yi kuskure, wa zai gyara, kuma yaushe?

Lokacin da babu alƙali a fili

Da aka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa na farko a Landan a 1863, ko ambaton alƙali ba a yi ba. Yawancin 'yan wasan 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga manyan makarantu, suna ganin abin kunya ne a ce mutum ya yi ƙeta da gangan, don haka kyaftin biyu ke sasanta duk saɓanin da ya taso. Da aka fara gasar cin kofi a 1871, aka kuma halatta biyan 'yan wasa a 1885, sai aka ga kara ba za ta riƙe wasa ba. Tsarin da aka bi shi ne kowace ƙungiya ta zo da mutum ɗaya mai sa ido, ga na uku a wajen fili wanda ake kai wa ƙara in biyun sun kasa daidaitawa. A 1891 aka juya abin: na ukun ya shiga tsakiyar fili da usur, biyun aka mayar da su bakin layi da tuta. A shekarar ce kuma aka shigo da bugun fenareti.

Daga nan doka ta zauna a kan magana ɗaya, cewa abin da alƙali ya yanke game da abin da ya faru a fili shi ne ƙarshe. Masu dokar sun san ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, amma sun san wasa ba zai yiwu ba in kowane hukunci sai an zauna an yi masa shari'a. Ban da haka, a zamanin babu mai hujjar da ta fi ta alƙali. Ɗan kallo ya gani sau ɗaya, shi ma sau ɗaya ya gani, to sai a bar wa mai usur.

Talabijin ya zama shaida

Abin da ya rushe wannan daidaito shi ne hoto mai maimaituwa. A wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta 1966 a Wembley, Geoff Hurst na Ingila ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗo ƙasa, mai tuta Tofiq Bahramov ya ce ta shiga, kuma har yau Jamusawa ba su yarda ba. Ranar 22 ga Yunin 1986 a Meziko, Maradona ya tura ƙwallo raga da hannu, duniya duka ta gani a talabijin, alƙali Ali Bin Nasser na Tunisiya ne kaɗai bai gani ba. Mutumin da aka ɗora wa hukunci ya zama shi ne mafi ƙarancin sani a cikin miliyoyin masu kallo.

Mu a Najeriya ranarmu ita ce 13 ga Fabrairun 2000, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka da Kamaru. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka ci biyu tun kafin a je ko'ina, fili ya yi tsit. Raphael Chukwu ya farke ɗaya daf da hutun rabin lokaci, ana dawowa Jay-Jay Okocha ya ɗirka wata daga nesa. Aka yi ƙarin lokaci ba wanda ya ƙara, aka tafi bugun fenareti. Golan Kamaru ya tare na Nwankwo Kanu. Sai Victor Ikpeba, gwarzon Afirka na 1997, ya zo ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta sauka ta fito. Ikpeba ya ɗora hannu biyu a ka, alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Da talabijin ya maimaita, sai ga ƙwallo ta sauka bayan layi. Rigobert Song ya buga na ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofi da ci 4-3 a cikin gidanmu.

Adalci ya sa a faɗi cewa ko an karɓi ƙwallon Ikpeba, lissafi zai tsaya ne a 4-4, sai a ci gaba da bugu, kuma Allah kaɗai ya san wanda zai yi nasara. Abin da aka hana Najeriya dama ce, kuma abin da ya fi ciwo shi ne hujjar tana nan, ta isa ɗakunan mutane cikin daƙiƙu, amma doka ta hana ta isa wurin mutum ɗaya da yake bukatarta.

Darasi daga Amurka

Babu wasan da ya girmama alƙali kamar besbol na Amurkawa, babu kuma wanda ya ɗanɗani wannan ciwo kamarsa. Wasa ne na jifa da duka: mai jifa ya wurgo ƙaramar ƙwallo, mai kulki ya doke ta, ya ruga zuwa ta farko cikin tashoshi huɗu. In ƙwallo ta riga shi isa hannun mai tsaron tashar, ya fita. In ya riga ta, ya tsira. Sau da yawa tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma sama da shekara ɗari maganar alƙali ce ƙarshe, wanda ya matsa masa da musu ya kore shi daga fili.

A Oktoban 1985, a wasa na shida na gasar ƙarshe, ƙungiyar St. Louis na gaba da ci 1-0, saura ta fitar da mutum uku ta zama zakara. Alƙali Don Denkinger ya ce Jorge Orta na Kansas City ya tsira a tashar farko, alhali hoto ya nuna ƙwallo ta riga shi. Kansas City ta juya wasan ta ci 2-1, washegari ta lallasa St. Louis 11-0 ta ɗauki kambu. Denkinger ya sha zagi da wasiƙun barazanar kisa. Duk da haka hukumar wasan ba ta yarda da duba bidiyo ba sai a Agustan 2008, shi ma don abu ɗaya: tantance ko ƙwallon da aka doka ta tsallake katanga ta inda ya dace.

Sai ranar 2 ga Yunin 2010 a Detroit. Wani mai jifa ɗan Benezuwela, Armando Galarraga, ya fitar da mutum 26 a jere ba wanda ya taka tasha. Saura ɗaya ya cika 27, wato wasan gaba ɗaya, abin da mutum 20 kacal suka taɓa yi a tarihin babbar gasar kafin ranar. Na 27, Jason Donald na Cleveland, ya doka ya ruga, ƙwallo ta riga shi a fili ƙarara, amma alƙali Jim Joyce ya ware hannu ya ce ya tsira. Galarraga ya yi murmushi kawai ya koma bakin aikinsa.

Abin da ya biyo baya shi ya sa ranar ta shiga tarihi. Joyce ya kalli bidiyon bayan wasa, ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ya yi kuskure, shi ya hana yaron haƙƙinsa. Ya nemi ganin Galarraga ya roƙi gafararsa yana hawaye, shi kuma ya rungume shi. Washegari Galarraga ne ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa a tsakiyar fili, suka yi musabaha. Shugaban gasar, Bud Selig, ya ƙi sauya sakamakon. Amma ba a jima ba aka nemi ra'ayin 'yan wasa a kan alƙalin da ya fi kowa iya aiki, suka zaɓi Jim Joyce. Amsa laifin bai zubar masa da girma ba, ƙara masa ya yi.

A 2014 aka faɗaɗa dokar: koci na iya ƙalubalantar hukunci, wasu alƙalai da ke zaune a wata cibiya a New York su duba su yanke. A Satumban 2025 kuma aka amince cewa daga kakar 2026 ɗan wasa na iya dafa kansa ya nemi na'ura ta tantance ko jifa ta bi ta inda doka ta ce, kowace ƙungiya da dama biyu.

Ƙwallon ƙafa ta sallama

A watan da Joyce ya yi nasa kuskuren, ranar 27 ga Yunin 2010 a Bloemfontein, Frank Lampard na Ingila ya buga wa Jamus irin ƙwallon Ikpeba, ta wuce layi sosai, alƙali ya ce a ci gaba. Abin da ya faru da mu a Legas bai motsa hukumar FIFA ba, amma da ya faru da Ingila a gasar kofin duniya, shugabanta Sepp Blatter ya ba da haƙuri. A Yulin 2012 aka amince da na'urar layin raga, wadda ke aika saƙo ga agogon alƙali in ƙwallo ta tsallake. A Maris 2018 aka shigar da VAR, wato alƙalanci da taimakon bidiyo, cikin doka, aka iyakance ta ga abu huɗu: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani.

Wanda ya bi wasannin Super Eagles ya ga kowace fuska ta wannan sauyi. Ranar 21 ga Yunin 2014 a Brazil, kafin VAR, Edin Dzeko na Bosniya ya ci mu ƙwallo mai kyau, aka ce satar gida ce, alhali ba ita ba ce. Bayan 'yan mintuna Peter Odemwingie ya ci, muka yi nasara 1-0, Bosniya ta yi waje. A ranar, kuskure ya yi mana rana, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka yi kukan rashin adalci. Ranar 26 ga Yunin 2018 a Rasha, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo na Ajantina a cikin da'ira bayan ya sa mata kai. Alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je ya kalli allo ya ce babu fenareti, kuma Rojon ne ya ci ƙwallon da ta kore mu a minti na 86. A Yulin 2019 a Alƙahira, VAR ta ba mu fenareti a kan Aljeriya, Odion Ighalo ya ci, kafin Riyad Mahrez ya kashe wasan da bugun tazara.

Ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake da ke Kwaddibuwa ta fi duka girgiza zukata. Najeriya na gaban Afirka ta Kudu 1-0 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin Afirka, Victor Osimhen ya ƙara ta biyu saura minti biyar, gidajen kallo suka kaure da ihu. Sai aka kira alƙali allo. Ashe kafin a kai harin, Alhassan Yusuf ɗan Kano ya taɗe Percy Tau a cikin da'irarmu. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka dawo ɗaya gefen aka ba su fenareti, Teboho Mokoena ya ci. Sai da Stanley Nwabali ya tare bugu biyu kafin mu tsallake, kuma jaridu sun ruwaito mutuwar wasu 'yan kallo a daren saboda firgici. Hukuncin daidai ne. Wanda ya yi kukan Ikpeba a 2000 ba shi da bakin zagin VAR a 2024, domin abin da ya roƙa ne aka ba shi.

Abin da na'ura ba ta iyawa

Na'ura na iya mutuwa. Ranar 31 ga Mayun 2019, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a Tunisiya, aka soke ƙwallon da Wydad ta Maroko ta ci Esperance. Wydad ta ce a duba bidiyo, aka ce na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, aka ba Esperance kofi, maganar ta kai har kotun wasanni ta duniya. Mutanen da ke bayan na'urar ma na iya ruɗewa. Ranar 30 ga Satumban 2023 aka soke halastacciyar ƙwallon Luis Diaz na Liverpool a gidan Tottenham, saboda mai duba bidiyon ya zaci alƙalin fili ya riga ya karɓe ta.

Abin da ya fi waɗannan muni shi ne cin amana. A Nuwamban 2016, alƙali Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal, wai ƙwallo ta taɓa hannun Kalidou Koulibaly, alhali a ƙafa ta same shi. FIFA ta bincika ta gano an shirya sakamakon ne, ta haramta masa alƙalanci har abada, ta sa aka sake wasan bayan shekara guda, Senegal ta ci 2-0. Tsakanin Joyce da Lamptey akwai nisan sama da ƙasa. Ɗaya idonsa ne ya gaza, ɗaya zuciyarsa ce ta lalace, kuma al'ummar da ta kasa bambanta su za ta kori na kirki ta zauna da mugu.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan aikin shari'a, ya umarce shi ya daidaita masu husuma a gabansa, ya kuma gargaɗe shi kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Tafiyar alƙalin wasa zuwa allo wannan koyarwar ce a aikace. Amma sai mai son gaskiya allon ke yi wa amfani.

Filayenmu

Maroko ta riga kowa a Afirka shigar da VAR cikin gasarta ta gida. Tamu gasar Firimiya ta shafe shekarun nan ba ta da ita, domin abin na bukatar kyamarori da yawa, da wuta marar yankewa, da mutane masu horo. Da aka fitar da sunayen alƙalan gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya. A gida kuwa an daɗe ana kukan jinkirin biyan alƙalai haƙƙinsu, da yadda cin wasa a waje ya zama abin mamaki. Sakamakon rashin yarda ke nan: a Yunin 2019 magoya bayan Kano Pillars suka afka fili a Agege bayan wasa da Enugu Rangers, a Oktoban 2025 kuma aka sake yin haka a filin Sani Abacha bayan Shooting Stars ta farke a ƙarshen wasa, aka daki alƙalai, aka ci tarar ƙungiyar aka kuma zabtare mata maki uku. Ƙungiyar da muke alfahari da ita a Arewa ce ta biya kuɗin fushin masoyanta.

In haka take a Kano, ina ga gasar unguwanni da ake yi a filin makarantar firamare a Bukkuyum ko Gummi, inda alƙali malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa, ba shinge, ba ɗan sanda, wani lokaci ko masu tuta babu? 'Yan kallon sun saba ganin layin satar gida ana zana shi a talabijin, sai su zo suna neman irin wannan daidaito daga mutum mai ido biyu da ke gudu cikin ƙura. Wayoyi kuma na sama suna ɗauka, kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp da Facebook, an yanke masa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba.

VAR ba za ta zo waɗannan filaye nan kusa ba, kuma bai kamata mu zauna jiranta ba. Akwai abin da ke hannunmu. A ɗauko alƙali daga garin da ba shi da ƙungiya a wasan. Masu shirya gasa su biya shi kafin a take leda, kada kuɗinsa ya fito daga aljihun wata ƙungiya. A zaunar da wakilin hakimi da dattawan gari a bakin fili. Kyaftin kaɗai ya yi magana da alƙali. Hoton waya a kai shi gaban kwamiti washegari, in alƙali ya yi kuskure a faɗa masa, shi ma ya amsa, in kuma ta tabbata ya karɓi na goro a hana shi usur har abada. Duk ƙungiyar da magoya bayanta suka ɗaga wa alƙali hannu a kore ta daga gasar, ko ta ɗan wane ce.

Yankinmu ya sha wahalar rashin tsaro fiye da yadda baki zai faɗa, kuma filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage inda samarin garuruwa daban-daban ke haɗuwa a ƙarƙashin doka ɗaya. Yaron da ya koyi karɓar hukuncin da bai yi masa daɗi ba, ya kai kukansa inda ya dace maimakon ya ɗauki dutse, ya koyi abin da ƙasar Zamfara ke matuƙar bukata yau. Kare alƙalin da ke koya masa wannan aiki ne da ya rataya a wuyan iyaye da sarakuna da masu shirya gasa, kuma ba ya bukatar kyamara ko ɗaya.